Naman Salla a Ƙofar 'Yar Fashista

A majalisarmu ta Arkilla a Sakkwato, inda muke haɗuwa bayan la'asar, kwanan nan an samu sabon zagi. Mai gidan haya ya ƙara kuɗi, a ce fashist ne. Ɗan kabu-kabu ya ƙi shiga lungu, shi ma fashist. Wanda kuma ya ce a raba aikin gyaran kwalbati daidai tsakanin mai bene da mai ɗaki ɗaya, sai a yi masa ca a kira shi ɗan gurguzu. A waya samarin suka tsinto kalmomin, suna jifan juna da su suna dariya. Ni nakan yi shiru in sha shayina, don na taɓa zama a gidan wani tsoho da ba ya yarda a yi wasa da kalmar farko, kuma a kanta na kusa rasa wurin kwana a ƙasar da ba ni da kowa.

Italiya na je neman ilimin jima. Gidanmu a Ƙofar Marke gidan malamai ne, ni kaɗai na bijire na bi warin fata, har mahaifiyata, Inna, takan ce da ta san haka da tun ina goye ta ba majema ni. Na daɗe ina jin cewa can ake kai fatar jar akuyarmu, a gyara ta, ta dawo mana a takalmin da ba ma iya saye. Na ce sai na ga yadda suke yi. Wani dillali da ban taɓa gani ido da ido ba ya yi mini takardu, ya ce akwai makaranta, akwai ɗaki, kuma shi da kansa zai tare ni a tashar jirgin ƙasa ta Rum.

Na wuni a tashar nan ina kiran waya a kashe. Duk baƙar fatar da ya doso ni sai in miƙe in gyara hula, ya wuce abinsa. Da na gaji na nemi makarantar da kaina, sai ga ni a ƙofar shagon wankin tufafi. Matar da ke ciki ta dube ni ta girgiza kai, da gani ba ni ne na farko ba. Ta ba ni ruwa da guntun burodi, ta kira wani mai guga ɗan Senegal daga bayan shago. Shi ya fahimtar da ni, rabi da baki rabi da hannu, cewa an ci ni, amma majema na gaskiya suna nan arewa, a yankin Toskana. Ya raka ni har bakin jirgi, ya ƙi karɓar kilishin da na miƙa masa sai da na rantse.

Tun kafin jirgin ya tsaya hancina ya gaya mini na iso. Ƙaramin gari ne a bakin kogi, kusan kowane gini masana'antar fata. Na samu makwanci a wani ɗaki da 'yan Senegal da 'yan Bangaladash suka cika, inda katifa ba ta hucewa: mai aikin rana ya tashi, mai aikin dare ya kwanta. Aikin da na samu shi ne jan jiƙaƙƙen ƙirgi daga ganga zuwa inji. Ilimin jima dai ban gan shi ba, hannuwana kuwa suka tsattsage. Ni da nake zagin zafin Sakkwato kowace bazara, sai ga ni ina marmarinsa, ina marmarin furar da Inna ke damawa da hayaniyar masu keke a bakin ƙofa. In ta kira ta ce, "Haliru, ƙaƙa kake?" in ce lahiya lau, in yi sauri in kawo zancen awakinta.

A nan na fara jin kalmar. Su "fashista" suke cewa. Direban bas da ya gan mu ya ƙi tsayawa, fashista. Fomanmu, fashista. Ban san asalinta ba, na ɗauka dai irin zagin ƙasar ne, na haddace ta tare da sunan burodi da sunan gishiri.

Ranar Lahadi mukan je wani tsohon zauren ma'aikata inda ake ba da miya kyauta. Wata rana abokin aikina Mamadu ya sa kwabo a na'urar kofi, ta haɗiye ta ƙi ba shi komai. Ya kai mata shuri ya ce, "Fashista." Sai wani tsoho da ke zaune a lungu ya buga sandarsa a ƙasa.

"Na'ura ce," in ji shi. "Ta lalace ne kawai. Ka taɓa ganin na'ura ta shiga gidan mutum da kulki?"

Mamadu ya ba da haƙuri. Tsohon ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kaina ya tambayi garinmu. Na ce Sakkwato. Ya sa na maimaita. Sai ya fashe da dariya har da tari. Ashe tun yana saurayi yake jeme fatun da ke zuwa da sunan garinmu a jikin ɗauri, shi duk zatonsa sunan wani irin akuya ne.

"Ashe har mutane akwai a can," ya ce.

Na ce akwai, har da malamai, amma awakin sun fi mu suna a waje.

Sunansa Nello. Ya haura tamanin, matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Bai cika mako da sanina ba ya zo ya ga ɗakin da muke kwana, ya zagi mai gidan, ya zagi gwamnati, ya ce in ɗauko jakata. Ya ba ni ɗakin sama, inda matarsa ke ɗinki. Ya je ofis ya sa sunana a adireshinsa, wanda in babu shi ba a sabunta wa baƙo takardar zama. Ya kuma kai ni wata ƙaramar majema ta abokinsa, inda ake jima da ɓawon itace kamar yadda muke yi da bagaruwa. A can na fara koyon abin da ya kawo ni. Na riƙa kiransa Baba, ya ce shi ba baban kowa ba ne, kwamared ne. Ban daina ba, shi kuma bai daina amsawa ba.

Baba Nello bai yarda da coci ba, bai yarda da masallaci ba, amma shi ke duba agogo ya ce, "Tashi, lokacin sunkuyonka ya yi." Ya kwashe naman alade da giyarsa ya mayar can ƙasan firji don kada su taɓa nawa. Ladan da nake biya shi ne saurare, don kowane cin abinci da laccarsa.

Na tambaye shi mene ne gurguzun nan da yake tinƙaho da shi. Ya ce, "Wanda ya jeme fata ya iya sayen takalmin. Sauran duk dogon Turanci ne." Na ba shi labarin zauren gidanmu, yadda ake fito da tire ɗaya, malami da baƙo da mai gyaran rediyo kowa ya sa hannu. Ya ce mun yi gurguzu ba mu sani ba. Na ce su dai suka tarar da zumunci suka sake masa suna suka yi masa jar tuta. Ya ce amma wa ya mallaki gonar da geron ya fito? A nan na ga zancen zai yi nisa, na ce a miƙo mini gishiri.

Ni ma ina da inda nake kama shi. In na ce to mutanen da aka kashe a Rasha da sunan gurguzu fa, sai ya aje cokali. Ba ya musu. Yakan ce an yi, kuma da sunansu aka yi, shi ya sa tun yana matashi ya sauke hoton shugaban Rasha daga bango bai sake maye gurbinsa ba. Amma in wani a zauren ma'aikata ya ce ai gurguzu da fashistanci duk jirgi ɗaya ya kwaso su, Baba sai ya miƙe da sanda, sai an rirriƙe shi. Ya ce ɗaya ya yi alkawarin daidaito ya ci amana, ɗayan kuwa tun ran farko ya ce wasu mutane sun fi wasu, kuma ya cika alkawarinsa.

Wata rana na ba shi labarin mulkin soja, yadda soja kan sa magidanci tsallen kwaɗo a titi gaban 'ya'yansa. Na ce ga fashista nan mu ma mun gani. Ya tambaye ni ko sun ɗinka wa yaran makaranta riguna iri ɗaya suna yi wa shugaba waƙa, ko sun ce dole kowa ya yanki katin jam'iyya kafin ya samu aiki. Na ce su dai so suke mu kauce musu daga hanya.

"To 'yan kama-karya ne, kuma Allahnku ya isar muku," in ji shi. "Amma fashista ko ka yi shiru ba ya barinka. Dole sai ka tafa masa."

Doka ɗaya ce a gidan: ba a gaida gidan da ke tsallaken titi. Wata tsohuwa ce a ciki ita kaɗai, sunanta Rina, kullum tana ba furanninta ruwa ta taga. Ubanta ne sakataren jam'iyyar fashista na garin a zamanin mulkinsu, masu sa baƙar rigar nan. Shi ya sa aka ɗura wa mahaifin Nello man zurma a dandali, irin mai sa zawon nan, aka bar shi ya taka zuwa gida a haka jama'a na kallo. Shi ne kuma, gab da ƙarshen yaƙin duniya, ya nuna wa sojan Jamus ƙofar gidan. Aka sa mahaifin a jirgin ƙasa, bai dawo ba. Nello yana ƙaramin yaro lokacin, yana laɓe bayan uwarsa. Sau ɗaya ya ba ni labarin nan, ya ba ni shi a tsaye yana wanke tukunya.

Na tausaya masa ƙwarai. Amma a ce Basakkwace ya wuce tsohuwa bai ce mata komai ba, wannan azaba ce. Sai na koma gaisuwar kai, in ɗan rusuna in Baba ba ya kallo. Ita ma takan ɗan ɗaga butarta.

Babbar Salla ta zo a farkon sanyi. Na lallaɓa na samu ɗan rago ta hannun wani mahauci ɗan Senegal, na soya naman a kicin ɗin Baba da yajin da Inna ta aiko mini. Ya ci yana zufa yana cewa wannan yaji makami ne, ya kamata a hana shigowa da shi, yana ƙara miƙo hannu. Na kai wa maƙwabtan dama da na hagu. Baba ya shiga barcin ranarsa, ni kuma na kira gida don barka da Salla.

"Ka kai ma maƙwabta?" in ji Inna.

Na ce na kai.

"Duka?"

Na ce saura gida guda, na wata tsohuwa, amma mai gidana bai shiri da ita, ubanta hwashista na.

"Mi aka nuhi da hwashista? Mayya ta?"

"A'a, Inna."

"Ɓarauniya ta?"

"A'a. Ubanta na yay yi ma uban mai gidana mugun abu, tun zamanin yaƙi."

"Ita mi ta yi maka?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Kai ɗan wa na, da za ka tsallake ƙohwar tsohuwa ran Salla da nama hannunka? Tashi ka kai mata. Kuma kak ka kai shi cikin leda awa ɗan kasuwa. Nemi kwano na kirki mai marhi."

Na girma, ina wata duniya, amma ban taɓa koyon yadda ake ce wa Inna a'a ba. Na buɗe kabad na zaɓi kwanon da ya fi kowane kyau, fari mai shuɗin baki, na zuba nama na rufe, na tsallaka titi. Rina ta buɗe ƙofa. Na yi mata bayanin Salla da guntun Italiyancina. Ta daɗe tana kallon kwanon, fiye da yadda ta kalle ni, sannan ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Ta bayan kafaɗarta na hango hoton wani mutum da baƙar riga a kan tebur.

Da na juyo, Baba Nello yana tsaye a taga. Na shiga na tarar da shi ya riƙe bayan kujera.

"Kwanon uwata ne," ya ce. "Ka ɗauki kwanon uwata ka ciyar da fashista."

Na ce ban san na uwarsa ba ne, Inna ce ta sa ni kai naman a kwano na kirki, ya yafe mini wannan. Amma na ce, "Baba, kai ka koya mini ba kowa ake kira da sunan nan ba. Ka hana a kira na'ura, ka hana a kira sojanmu. Ita shekararta nawa lokacin? Ta taɓa riƙe kulki?"

"Ka shiga falonta?"

"A ƙofa na tsaya."

"Ka ga hoton?"

Na ce na gani.

"Kullum tana goge shi. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce ya yi laifi ba." Ya ja numfashi. "Zuwa Lahadi ka nemi wani wuri."

Hoton kam na gan shi da idona. Na hau sama na zauna kusa da keken ɗinkin matarsa, raina a jagule. In na bar gidan, adireshi ya tafi, takardar zama ta bi shi, koyon jimar da na fara ya tsaya a rabi. Amma wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne na ɓata wa tsohon nan, mutumin da ya ɗauke ni daga katifar karɓa-karɓa bai san ni ba bai san ubana ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba mu yi magana ba. Bai daina dafa abincin mutum biyu ba, sai dai ya aje nawa a kan matakala ya rufe da faranti. Na bi gari ina neman ɗaki. A waya a ce akwai, in na je aka ga fuskata a ce yanzun nan aka kama. Tsohon ɗakinmu ma an cike gurbina. Mamadu ya ce in zo mu raba katifarsa kafin Allah ya kawo mafita. Ban gaya wa Inna ba, don na san cewa za ta yi a ba ta mai gidan ta yi masa magana.

Ranar Asabar da la'asar na sauko da jakata na aje bakin ƙofa, ana yayyafi. Baba yana zaune yana riƙe da jarida, na lura tun ɗazu bai juya shafi ba. Aka ƙwanƙwasa. Ya zaci Mamadu ne ya zo taya ni kaya, ya tashi da kansa ya buɗe.

Rina ce, da lema a hannu ɗaya, kwanon a ɗaya, an naɗe shi da farin ƙyalle. Tsakanin ƙofarta da tamu bai fi taku kaɗan ba, amma tana haki kamar ta zo daga wani gari. Ni ta fara yi wa magana.

"Waina ce irin ta garin nan, da garin ƙwallon itacen kastanya ake yin ta. Babu man alade, babu giya. Sai da na tambayi mahaucinku."

Sannan ta juya ga Nello. "Wancan karon ba mu da abin da za mu zuba a ciki. Haka muka riƙa mayar da shi ba komai. Uwata har ta mutu tana jin kunyar abin."

Baba bai ce ta shigo ba, ita ma ba ta jira ba. Ta miƙa, ya tsaya, ruwa na ɗiga daga lemarta a kan takalminsa. Can ya jingine sandarsa ya karɓa da hannu biyu. Ta juya ta tsallaka a hankali, shi kuma bai rufe ƙofa ba sai da ya ga ta shige gida.

Ya aje kwanon a tebur ya tsaya a kansa. Na ce, "Baba, wane karo take nufi?"

Ya ce sanyin da ya biyo bayan yaƙi, an kashe uban Rina, ba mai sayar musu da burodi, ba mai yi musu magana a garin. Uwarsa, wadda har lokacin take jiran mijinta a bakin taga, takan zuba miya a kwanon nan ta ce ya kai musu ta ƙofar baya.

"Ni nake kaiwa," ya ce. "Ina kuka ina kaiwa. Na ce mata gidan da suka ɗauke mana Baba? Ta ja kunnena ta ce, yarinya ce, tana jin yunwa, ɗauki ka tafi." Ya share hanci da bayan hannu. "Uwata ba ta san siyasa ba."

Na ce tawa ma haka.

"Na lura."

Ya kwance ƙyallen, ya ɗauko wuƙa ya yanki wainar ya ci a tsaye. Ya ce sukari ya yi yawa, mutanen gidan can ba su taɓa iya girki ba. Ya sake yankar wani ya ci, sannan ya turo mini kwanon. Na ci, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Ya ɗauki sandarsa ya nufi kujera, sai ya tsaya ya zunguri jakata da ita.

"Wannan abin ya tare mini hanya. Hau da shi sama kafin in faɗi in karye, a ce baƙo ya kashe ɗan gurguzu na ƙarshe a garin nan."

Na ɗauke ta na nufi sama. Ina tsakiyar matakala ya ƙara magana, bai ko juyo ba.

"In ka sauko ka ɗora shayi. Kuma ka kira mini tsohuwar nan ta Sakkwato. Ina da ƙorafi a kanta."